Bargunan da Aka Ɗinka da Kayan Inna

Ranar da Tela ta ware don gama bargunan, gidan tsit yake. Maigidan ya fita aiki tun da safe, yara suna makaranta, ko maƙwabciyar da ke yawan leƙowa aron almakashi ta yi tafiya. Ta tura kujerun falo gefe, ta shimfiɗa tabarma, ta baje aikinta a kai.

Ba telar shago ba ce. Surukarta, wadda kowa ke kira Inna, ita ta laƙaba mata sunan tun tana sabuwar zuwa gidan, ranar da ta ga ta gyara wa mijinta aljihun riga. "To, mun samu tela a gida," in ji Inna, "Allah dai ya sa ta iya tukunya yadda ta iya allura." Sunan ya bi ta, har yaran dangi ba su san tana da wani ba.

Inna ta rasu ne bayan doguwar jinyar shanyewar ɓarin jiki. Watanninta na ƙarshe a gidan Auta ta yi su, wato ƙanwar maigidan, domin ita ke gari ɗaya da babban asibiti, kuma ita ta dage. "Uwata ce, kuma ni ce mace, ni zan yi jinyarta," haka ta faɗa wa yayyenta biyu. Tela da mijinta a wani gari suke mai ɗan nisa. In za su je dubiya sai sun kira tukuna, haka Auta ta tsara, wai don kada a tashi Inna daga barci. Kullum a falo za su tarar da Inna, an jingina ta a kujera, an yi mata wanka an shafa mata hoda, ko'ina na ƙamshin turare. Bakinta ya karkace, magana ba ta fita. Sai dai ta kama hannun Tela da hannunta mai lafiya, ta riƙe gam har a tashi tafiya.

Bayan rasuwar, Auta ce ta kawo shawarar barguna. Tana kuka tana cewa ba za ta iya ganin zannuwan uwarta a jikin wasu ba, gara matar Yaya ta yayyanka su ta haɗa bargo uku, kowane ɗa ya samu ɗaya ya riƙa jin ɗumin Inna. Kowa ya yaba. Direbanta ya kawo buhunan kayan har gida.

Aikin ya ci Tela lokaci. Ta yanka zannuwan gunduwa-gunduwa, ta haɗa su a keke, ta shimfiɗa auduga a tsakiya da farin yadi a baya, sannan ta bi da allura da hannu, layi bayan layi, don kada audugar ta dunƙule in an wanke. Kan yatsanta ya yi kanta. Amma ba ta ji nauyin aikin ba, don kowane ƙyalle ta san shi. Ga ruwan toka mai ɗigo-ɗigo da Inna ke ɗaurawa in za ta shiga kicin ta yi mata gyaran gishiri ba tare da an tambaye ta ba. Ga kore mai ganye da ta sa ranar da ta zo ganin jikanta na fari, ta ɗaga shi ta ce kunnuwan ubansa ya kwaso, Allah ya ba shi haƙuri.

Abin da ya rage yau shi ne ɗinke bakin bargunan. Ta yanka dogayen ƙyallaye, ta goge su, ta naɗe gefen bargon maigidan ta kafe da fil, ta zauna tana kalmasawa. Ba abin da ake ji sai ƙarar firij da ɗan sautin zare in ya ratsa auduga. Kafin rana ta ɗaga sosai ta gama nasa, ta gama na ƙaninsa, ta ninke su a kan kujera tana kallonsu da jin daɗi.

Na Auta ya rage, kuma shi ne na gaggawa, don ta kira jiya ta ce wani taron wajen aikinta zai kawo ta garin, za ta biyo da la'asar ta karɓa. Tela ta duba ragowar ƙyallayen ta ga babu mai duhun da zai yi wa bargon baki. Sai ta tuna akwai buhu ɗaya da ba ta taɓa buɗewa ba, ƙarami, wanda direban ya ajiye daga ƙarshe, ta cusa shi a bayan ƙofar sito ta manta.

Ta jawo shi tsakiyar falo. Ya fi girmansa nauyi. Cikin buhun baƙar leda ce, cikin ledar wata ledar, an ƙulle bakin tamau. Ta sa almakashi ta datse ƙullin.

Warin ne ya fara fitowa. Ba ta taɓa jin irinsa ba, zarnin fitsarin da ya daɗe, da ɗoyin kashi, da wani abu mai zaƙi-zaƙi kamar naman da ya ruɓe, duk sun haɗu sun dahu a cikin leda. Ya shige mata hanci ya sauka har maƙogwaro. Ta ja da baya da gwiwa, ƙafarta ta ture buhun ya kife, kyankyasai suka fito a guje suna neman ƙarƙashin kujera, wasu suka nufi bargon da ke shimfiɗe. Ta fizge bargon ta wurga kan tebur, ta ruga banɗaki. Duk abin da ta karya kumallo da shi sai da ya dawo.

Ta daɗe a tsaye tana kurkure baki. Da farko ta ɗauka ɓera ne ya mutu a ciki. Ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta zura hannuwa cikin ledoji, ta ja buhun ta ƙofar kicin zuwa bayan gida, ta zazzage shi a kan siminti, ta sa sandar tsintsiya tana rarraba abin da ke ciki.

Ba ɓera ba ne. Kayan Inna ne. Zannuwa sun sandare kamar kwali, sun manne da juna, sai ta danna da sanda suke rabuwa da wata ƙara. Ba ɓacin kwana ɗaya ba ne, ko makaho ya taɓa zai gane. Ƙazanta ce kan ƙazanta, ta bushe an sake yin wata a kai, ta sake bushewa. Akwai zanen gado da tsakiyarsa ta zama baƙa ƙirin, ga bushasshen ɓawon tsutsa a cikin ninkin. Akwai rigunan barci da abinci ya bushe a ƙirjinsu har ya yi fumfuna. Ta juya ɗaya da sanda, ta gane ta nan take, ita ta ɗinka ta da hannunta, mai maɓalli a gaba, don a ji sauƙin sa wa mara lafiya. Bayan rigar, daidai kafaɗu da ƙugu, jini ne da ruwan miki, sun yi zobe-zobe, sabo a kan tsoho. Mutum ba ya samun irin wannan miki sai an bar shi kwance a gefe ɗaya ba mai juya shi.

Daga ƙasa sandar ta ɗago wani ɗankwali da aka yaga biyu a tsaye. Kowane rabi an yi masa zarge a ƙarshe ɗaya, daidai shigar wuyan hannu, ɗaya ƙarshen kuma ya murɗe ya yi tsatsa, irin ta ƙarfen gado. Tela ta tsaya tana kallonsa. Ƙudaje sun riga sun taru, manya masu kore, suna sauka a kan kayan suna tashi suna neman fuskarta. Ta tuna hodar da ake shafa wa Inna, da dogon hannun rigar da ake sa mata ko ana zafi.

Ta kifa tsohon baho a kan tulin, ta ɗora dutse. Ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta sake wankewa. Ta goge falon da ruwan zafi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta fesa maganin ƙwari, ta buɗe tagogi duka. Ta yi wanka ta canza kaya. Duk da haka in ta haɗiye miyau sai ta ji ɗanɗanon abin.

Ta ɗauki waya za ta kira mijinta, ta ajiye. Wannan ba maganar waya ba ce.

Bargon Auta na nan kan tebur, gefensa a buɗe, auduga na leƙowa. Ta yi niyyar ta bar shi haka. Amma hannunta bai saba barin aiki a rabi ba, kuma zaman banza ya fi ƙarfinta a wannan rana. Ta ɗauko wani tsohon yadinta shuɗi, ta yanka, ta goge, ta zauna. Ɗinkin bai yi kyan na safe ba. Tana jan zaren da ƙarfi har ƙyallen na tattarewa, ta soki yatsa ba sau ɗaya ba, kuma ta kasa kai shi baki ta tsotse kamar yadda ta saba. Abincin rana ko kallonsa ba ta yi ba.

Tana cire fil na ƙarshe ta ji tsayuwar mota. Ƙamshin turaren Auta ya riga ta shigowa, irin dai wanda ke tashi a falonta.

"Matar Yaya! Sannu da gida." Auta ta tsaya a bakin ƙofa ta yamutsa fuska, ta kai gefen mayafi hanci. "Kai, me ya mutu muku a gidan nan? Ke ba ki ji ba ne, ko hancinki ya saba?"

"Sannu da zuwa. Ya hanya?"

"Lafiya lau. Amma gaskiya ku sa a duba muku rufi." Idonta ya faɗa kan bargon, ta saki mayafin ta dafe ƙirji. "Wayyo Inna! Wayyo uwata!" Ta rungume shi ta tura fuska ciki, kafaɗunta na rawa. Da ta ɗago, ta miƙo wayarta. "Ɗauke ni hoto da shi, in tura wa dangi. Tsaya in koma wajen haske."

Tela ba ta karɓi wayar ba. "Zo ki ga wani abu tukuna."

Ta wuce gaba, Auta na biye tana ɗage zani don kada ya taɓa ƙasan kicin. A bayan gida Tela ta sauke dutsen, ta sa ƙafa ta ture bahon. Ƙudaje suka tashi buu.

Auta ta yi tsalle baya. "Subhanallahi! Meye wannan ƙazantar?"

"Ke za ki faɗa min. Daga gidanki aka kawo."

Auta ta dubi tulin, ta dubi buhun. Fuskarta ta canza, amma ba irin canjin da Tela ke jira ba. Tsaki ta ja. "Amma direban nan an yi sakarai. Wannan fa na ce masa ya kai bola. Bola na ce! Shi ne ya haɗa da naki?"

"Abin da ya dame ki ke nan?"

"To me kike so in ce? Kayan mara lafiya ne. Mai aiki ce ba ta wanke ba, kin san halinsu. Na kore ta ma."

Tela ta ɗago rigar barcin da sanda, ta juya bayanta. "Wannan ma mai aiki ce? A gidanki Inna take kwance, Auta. Tsakanin ɗakinki da nata bango ne kawai. Warin nan da ya sa kika toshe hanci daga bakin ƙofa, a cikinsa take kwana take tashi."

"Ina fita aiki! Ina da miji, ina da yara!"

"Wannan fa?" Ta ɗago yagaggen ɗankwalin, zargen na lilo.

Auta ta kau da kai. "Tana yaye abin da aka sa mata ne, tana shafa wa bango ƙazanta. Ta taɓa faɗowa daga gado. Me za a yi mata?" Muryarta ta hau. "Ke kin san jinya? Kin taɓa kwashe kashin babba? Ku zo da lemo a leda, ku zauna ku yi murmushi, ku shiga mota ku tafi. Ni aka bar wa ita. Ni! Ranar farko da na gwada canza mata zani kwana na yi ina amai. Ba zan iya ba, jikina ba ya ɗauka."

"Sai ki ce ba za ki iya ba. Sau nawa na ce a kawo ta nan? A gaban Yayanku na faɗa, kika ce wai me duniya za ta ce, 'yarta na raye suruka na jinya."

"To ƙarya na yi? Me za a ce da ni?"

Tela ta dube ta, tun daga janbakin har zuwa fararen takalman da take ta janyewa daga tulin. Ji ta yi kawai ba ta son iskar da matar ta shaƙa ta taɓa ta.

Auta ta sassauta murya, ta matso. "Matar Yaya, don Allah. Wadda ta tafi ta tafi. In kika faɗa wa Yaya me zai ƙaru? Sai dai ki raba 'yan'uwa." Ta kai hannu za ta dafa kafaɗarta.

Tela ta goce. "Kar ki taɓa ni."

Suka koma falo. Auta ta ɗauki jakarta, sannan ta naɗe bargon ta sa a hammata. A bakin ƙofa ta ɗan shinshina gefensa. "Ba dai ki sa ko ƙyalle ɗaya daga cikin wancan a nan ba ko?"

"Ban sa ba."

"To madalla." Ta fita.

Tela ta ɗauki kofin ruwan da ta ajiye wa Auta, wanda ko taɓawa ba ta yi ba, ta zubar, ta wanke shi da sabulu.

Yara sun dawo, ta zuba musu abinci ta hana su zuwa bayan gida. Da maigidan ya shigo gab da faɗuwar rana, ya ga bargunan biyu a ninke, ya shafa nasa yana murmushi. "Kai, Tela, yau kin fanshi sunanki."

"Ajiye jakarka ka zo."

Ya daɗe a tsaye a gaban tulin, hannunsa a kan baki. Ta nuna masa rigar, ta nuna masa ɗankwalin, ta faɗa masa yadda suka yi da ƙanwarsa, ba ta ƙara ba ta rage ba. Ta zaci zai yi ihu, ko ya ɗauki makullin mota. Sai ya tsuguna a gefen famfo, ya sunkuyar da kai.

"Akwai ranar da na je ni kaɗai," ya ce a hankali, "ban kira ba. Aka ce tana barci, ɗakin a kulle. Daga bakin ƙofar na ji warin."

"Ka ji?"

"Na ji."

"Sai ka yi me?"

"Auta ta ce masai ne ya toshe." Ya murza fuska. "Na so in yarda, sai na yarda."

Wannan mutumin ne dai da ya dawo daga waccan tafiyar ya ce mata Inna na samun sauƙi, ya ci abinci har da ƙari. Tela ta matsa daga kusa da shi.

"Yanzu me za ka yi?"

"Me zan yi? In tara dangi in ce ga abin da ƙanwata ta yi, ni ma ina tsaye? Ki bar maganar nan a tsakaninmu, don Allah."

"Ni ba zan yi shela ba," in ji ta. "Amma duk wanda ya sake yaba jinyar Auta a gabana, tashi zan yi in bar wajen. In an tambaye ni dalili, zan faɗa. Kuma ƙaninka, ranar da ya zo karɓar bargonsa, kai za ka faɗa masa da bakinka. In ka kasa, ni zan yi."

Ya tashi ya shiga sito, ya fito da shebur da galan ɗin kananzir. Ya haƙa rami a gindin katanga, ya riƙa kwasar kayan da shebur yana zubawa. Da ya zo kan ɗankwalin sai ya ajiye shebur ɗin ya ɗauka da hannu, ya zura yatsunsa cikin zargen yana gwada faɗinsa. Nan kukan ya ƙwace masa, mai ƙara, irin na babban da bai saba ba. Tela na tsaye a ƙofar kicin. Ta ji tausayinsa, amma ƙafarta ta ƙi zuwa.

Wutar ta ƙi kamawa da farko saboda danshi, sai da ya ƙara kananzir. Hayaƙin ya tashi baƙi, mai nauyi, ya tsallaka katanga. Can sai ga muryar maƙwabcinsu, tsohon makanike, yana tari daga nasa gidan.

"Maƙwabci! Me kuke ƙonawa haka? Za ku kashe mu da ranmu!"

Maigidan ya share fuska da hannun riga, ya gyara murya.

"Yi haƙuri, Baba. Tsummoki ne."

Tela ta shiga ciki ta rufe tagogin ɗakin yara. Ta ɗora masa ruwan wanka a wuta, ta ajiye sabon sabulu a bakin banɗaki, ta ce ya bar kayan jikinsa a waje.